Babi na Bakwai: Rinin Fata na Feshi da Shiga Ruwa

A Turai da Amurka, masu farar fata da yawa suna son jikinsu ya yi duhu kaɗan, kamar na wanda ya sha rana. A da shanya jiki suke yi a rana, sai likitoci suka yi ta jan kunne a kan cutar dajin fata. Shi ya sa shagunan kwalliya suka shiga fesa wa mutane wani ruwa da 'yar na'ura, jiki ya rine ba tare da rana ba. Idan kina aiki a shagon kwalliya na otal, ko kina shirin yin sana'ar a ƙasar waje, ba za ki rasa jin wannan tambaya ba: "Zan iya shiga ruwa?"

Inda launin yake zama

Sinadarin da ke cikin ruwan feshin sunansa DHA, kuma wani nau'in sukari ne. A shekarun 1950 wata mai bincike a Sinsinati ta Amurka, Eva Wittgenstein, ta lura cewa duk inda ya zuba a fatar yaran da take dubawa, wurin yakan koma ruwan ƙasa. Matacciyar fata ta can sama yake kamawa, wadda jiki ke zubarwa kullum ba mu sani ba. Shi ya sa launin yake tafiya cikin kwana 5 zuwa 10.

Wadda ta san lalle ta riga ta san rabin darasin nan. Shi ma wannan fatar yake kamawa, kuma kowa ya san abin da wanki da wanke-wanke suke yi wa sabon ƙunshi. Duk abin da ya jiƙa fatar ta kumbura, ko ya busar da ita, ko ya goge ta, to da launin zai tafi.

Awa 24 na farko

Aikin yana farawa tun kafin feshi. Dilka, halawa ko aski, a gama su kwana ɗaya kafin ranar. A ranar kuwa kada kwastoma ta shafa mai ko turare. Idan tafiyar hutu za ta yi, ki sa mata ranar feshi kwana 2 kafin tafiyar.

Bayan feshi, ba ruwa ba gumi har awa 8. Akwai nau'in gaggawa da ake wankewa bayan awa 1 zuwa 4, don haka ki karanta abin da ke jikin kwalbar. Ɗigon ruwa ɗaya a wannan lokaci yakan bar farin layi a hannu. Idan kwastomar mai sallah ce, ki yi mata bayan isha'i saboda alwala.

Wankan farko ɗauraya ce kawai: ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba sabulu, ba soso. Za ta ga ruwa mai launin shayi yana zuba. Ki faɗa mata tun da wuri kada hankalinta ya tashi, wannan kala ce ta saman fata kawai da aka zuba a ruwan feshin don mai feshi ta ga inda hannunta ya bi. Launin gaskiya yana ci gaba da nuna har awa 24, kuma kafin su cika babu maganar iyo.

Wurin iyo

Ana zuba kulorin a ruwan iyo don kashe ƙwayoyin cuta. Danginsu ɗaya da bilic ɗin wanki, sai dai an sirka shi ƙwarai. Yana kashe launi, yana kuma busar da fata ta riƙa saɓa.

Kafin ta shiga, ta watsa ruwan famfo mai sanyi. Ta zauna a ciki minti 15 zuwa 20, ta fito. Idan yatsunta sun fara yamushewa, ta wuce lokaci. Da fitowa ta ɗauraye jiki nan take, kada ruwan ya bushe mata a jiki. Tawul kuma dannawa ake yi a hankali, ba gogawa ba. Mun fi ganin ɓarna daga tawul fiye da yadda mutane suke zato. Ta cire jiƙaƙƙun kayan iyo, domin igiyoyinsu suna cin launi a kafaɗa da ƙugu, sannan ta shafa loshin tun fata na da ɗan danshi.

Loshin ɗin ya zama mara nauyi, safe da dare. Basilin da man jarirai suna cire launi da wuri. Haka ma mai da ke da alkohol ko sinadarin saɓe fata.

A teku babu kulorin, amma gishiri yana busarwa, yashi kuma dilka ce ta kanta. Ta shimfiɗa tawul kafin ta zauna.

Abu ɗaya da ba ma so ki manta: wannan launi ba ya kare kowa daga rana. Mace za ta ga jikinta ya yi duhu ta ɗauka ta tsira, ta ƙone. Ta shafa man kariyar rana mai lamba 30 ko sama, minti 15 kafin fita, ta maimaita duk awa 2 da kuma bayan kowace fitowa daga ruwa.

Bahon ruwan zafi

A wannan babban baho mai harbo ruwan zafi, wanda ake shiga a zauna a ciki, nan ne ɓarnar ta fi yawa, domin abu uku ne suka haɗu. Zafin ruwan yakan kai digiri 40, fata ta yi laushi kamar waken da aka jiƙa. Kulorin kuma ya fi yawa: hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ce kulorin kada ya gaza miligiram 1 a kowace lita a wurin iyo, amma a bahon zafi miligiram 3. Wasu buromin suke zubawa, wani sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, shi ma bai bar launi ba. Sai bututun da ke harbo ruwa da ƙarfi, wanda yakan bar farin da'ira a baya ko a sharaɓa.

Shawararmu, ta haƙura da shi har sai ta gama da launin. Idan biki ne a gabanta, sai bayan biki. In ta dage, kada ta wuce minti 10, ta zauna nesa da bakin bututun, ta ɗauraye da ruwa mai sanyi. Tsoma ƙafa kaɗai ba dabara ba ce, za ta fito kamar ta sa farar safa. Ɗakin sirace shi ma haka yake, saboda gumi.

Idan ya yi dabbare-dabbare

Wuraren da suke fara fari su ne hammata, tsakanin cinyoyi, wuyan hannu da idon sawu. Idan kaɗan ne, a shafa loshin mai ɗan DHA, siriri, sau ɗaya a rana, a wanke tafin hannu da sabulu nan take don kada ya yi ja. Kada ki yi sabon feshi a kan tsohon da ya ɓaɓɓake, domin inda ya rage zai ƙara duhu, bambancin ya fito fili.

Idan fiye da rabi ya tafi, a cire shi duka. A shafa man zaitun ko na kwakwa a bar shi minti 30, a jiƙa jiki a ruwan ɗumi a gida, a bi da soso mai laushi. A bar fata ta huta kwana ɗaya kafin sabon feshi.