Yadda ake kashe bairos da hasken UV-C a maganin furotin

Ƙananan bairos marasa kwanson mai, irin su MVM, wani parvovirus na ɓeraye, ba sa jin sabulun sinadari ko tsamin pH. Su ne hasken UV-C, wani nau'in haske da ido ba ya gani, ke yi wa illa. Fitilar zaiba mai ƙaramin matsi tana fitar da haske a nanomita 254, kusa da 260 inda DNA da RNA suka fi shan haske, sai ta manne tubalan timin (ɗaya daga tubalan DNA) da ke jere, bairos ya kasa hayayyafa. Furotin kuwa ya fi shan haske a 280, shi ya sa yake tsira.

Kafin a kunna fitila, a auna yawan hasken da ruwan maganin ke sha a 254. Nan ne aikin yake. Ruwa mai yawan furotin yana cinye hasken cikin milimita ɗaya ko ƙasa da haka, sai na bakin gilashi ya ƙone, na tsakiya ya wuce lafiya lau da bairos ɗinsa. Maganin wannan shi ne bututu mai murɗe da aka naɗe a jikin bututun kwaz (gilashi na musamman da UV-C ke ratsawa) da ya rufe fitila, kamar na na'urar UVivatec: murɗewar tana juya ruwan, kowane ɗigo ya zo gaban fitila. Gilashin yau da kullum ba ya barin 254 ta wuce, dole kwaz.

Ana daidaita yawan hasken da gudun famfo. In an rage gudu, haske ya ƙaru. Kimanin J/m² (ma'aunin yawan haske) 100 zuwa 300 sukan rage parvovirus da log 4 ko fiye, wato ɗaya cikin dubu goma ko ƙasa da haka ke tsira. A tabbatar da adadin da sinadarin iodide da iodate, kada a dogara da lissafin takarda, domin fitila tana raunana da tsufa, kuma tana buƙatar ɗumi kafin haskenta ya zauna.

In haske ya yi yawa, triptofan da metiyonin suna lalacewa, mahaɗan disulfide su tsinke, furotin ya dunƙule. A duba da SEC, gwajin da ke ware furotin bisa girmansa, kafin da bayan haske. Ruwan renon ƙwayoyin halitta mai riboflabin yana haifar da peroksaid a ƙarƙashin haske, don haka in shi aka haska, a gwada girman ƙwayoyin.

Retrovirus, wani rukunin bairos, irin MuLV na ɓeraye, suna da taurin kai ga UV-C. Ka'idar ICH Q5A, wato ka'idar ƙasa da ƙasa kan tsare magunguna daga bairos, tana son matakai masu hanyoyi daban-daban, saboda haka a haɗa shi da tsamin pH ko matatar nanomita 20.