Duhun hunturu: ku shirya masa tun kafin Nuwamba

Rigar sanyi da takalmi ba abin tashin hankali ba ne, duk wanda kuka tarar zai nuna muku inda ake saye. Abin da ba a cika gaya wa sabon zuwa ba shi ne duhu. A Landan cikin Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, hasken yini bai cika awa 8 ba.

A nan wasunmu ke durƙushewa. Barci ba ya isa, ga kwaɗayin zaƙi, jiki ya mutu murus, waya na ta ƙara ba a ɗauka. Ciwon damuwa ne mai bin yanayi. Dakta Norman Rosenthal, wanda ya ji shi a jikinsa bayan ya bar Afirka ta Kudu zuwa Amurka, shi da abokan aikinsa suka bayyana shi a 1984.

Abin da ke ɓata min rai shi ne masu cewa "ai wane ma yana nan, bai ji komai ba". To, ba jini ɗaya gare ku ba! Binciken tagwaye da aka wallafa a 1996 a kan mutanen Ostareliya ya nuna kusan kashi 29 cikin ɗari na bambancin yadda sauyin yanayi ke taɓa mutane gado ne. Ana zargin ƙwayoyin gado irin su PER3, mai hannu a agogon barci, da OPN4, mai taimaka wa ido ya sanar da ƙwaƙwalwa gari ya waye. Mutanen Iceland ma, duk da tsananin duhun ƙasarsu, an samu ciwon bai yawaita a cikinsu kamar yadda aka zata ba, abin da ake zargin yana da nasaba da gado. Mu da muka taso inda dare da rana kusan kai ɗaya suke, mai ɗauke da wannan gado ba zai sani ba sai ya zo.

Bara na ga wani ɗalibi, yaro mai hazaƙa, labulensa a rufe har tsakar rana, kwanuka jibge a ƙofar ɗaki. Kowa na ce masa ya daure. Alhamdulillahi jama'armu ba sa yar da nasu, su suka raka shi wurin likita daga baya, amma ya riga ya yi asarar zangon karatu.

Don haka ku tambayi gida ko akwai mai fama da damuwa a dangi, ku gaya wa likita. Ku fita da safe ko da hadari ya rufe sama. Fitilar magani mai ƙarfin lux 10,000 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), kimanin minti 30 da sassafe, tana taimaka wa mutane da yawa, amma mai ciwon ido ko ciwon da ke kai mutum daga damuwa zuwa zumuɗi ya fara jin ta bakin likita. In har tunanin cutar da kai ya shigo, a nemi taimakon gaggawa a ranar, kada a jira bazara.