Kurakuran da aka fi yi wajen sabunta kayan sauti na gida

Mutum zai zauna a falo ya kunna waƙa ko karatun Alƙur'ani, ya ji sautin a shaƙe, sai ya yanke hukunci cewa na'urarsa ce ta tsufa. Ya tafi Sabon Gari ya dawo da sabon akwati mai fitilu, ya jona, ya ji babu abin da ya sauya. An bar jaki ana dukan taiki ke nan, domin sau da yawa matsalar tana cikin fayil ɗin da ake kunnawa.

Faifan CD, wanda ya shigo kasuwa a 1982, yana ɗauke da sauti a kan 1,411 kbps, wato ma'aunin yawan bayanan sauti a kowace daƙiƙa. MP3 kuwa, da yake matse sauti yake yi ta hanyar zubar da wani ɓangarensa, iyakarsa 320, kuma galibin waƙoƙin da masu turi ke loda wa mutane a memori ba su wuce 128 ba. Wasu ma daga bidiyo aka ciro su, aka matse, aka sake matsewa. Abin da aka zubar wajen matsi ya tafi ke nan, babu na'urar da za ta dawo da shi. Wasu kan mayar da MP3 zuwa FLAC, nau'in fayil ɗin da ba ya zubar da komai na sauti, da tunanin sun gyara shi. Fayil ɗin zai yi nauyi kawai, sautin yana nan yadda yake. Ka nemo waƙa ɗaya da ka sani sosai a FLAC na asali ko MP3 mai 320, ka saurara a kayan da kake da su kafin ka taɓa aljihunka. Waƙar minti huɗu a 320 ba ta kai megabait 10 ba, ba za ta cinye maka data ba.

Sai batun DAC, wato ɓangaren da ke juya lambobin da ke cikin fayil su zama sautin da amfilifaya za ta iya ƙarfafawa. Akwai shi a cikin wayarka da talabijin da kwamfuta, har da ɗan guntun kebul ɗin nan da masu iPhone suka koma amfani da shi tun da aka cire ramin iyafis a 2016. Akwatin DAC na daban yana da amfani idan na cikin kwamfutarka yana fitar da ƙara, ko kuma tsohuwar amfilifayarka ba ta da ramin dijital. Amma wanda ya ɗora DAC mai tsada a kan lasifikar roba mai arha ya yi wa jaki sirdin sarki. A ganina, idan kuɗin ba su da yawa, lasifika ce ta fi cancantar kaso mafi tsoka. Kuma kafin ita ma, ka janye waɗanda kake da su daga lungun bango, ka ɗaga su daidai da kunnen mai zaune, ka shimfiɗa kafet idan falon tayil ne. Ban da kafet, wannan ba ya cin ko sisi, kuma bambancinsa ya fi na sauya DAC fitowa fili.

Lambobin jikin kwali suna ruɗar mutane. Za ka ga 24-bit/192 kHz ka ɗauka ya ninka CD daɗi. Kunnen ɗan Adam ba ya jin siririn sautin da ya wuce kusan 20 kHz, shi ma a ƙuruciya, kuma 44.1 kHz na CD ya riga ya ɗauke wannan duka. Haka nan wat dubu biyar da ake rubutawa da PMPO a gefe, wato ƙololuwar ƙarfi na ƙiftawar ido, talla ce. Lambar RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa a kai a kai, ita ce ta gaskiya.

Bluetooth ma akwai inda ake tuntuɓe. Yana matse sauti kafin ya aika, kuma salon matsin sai ɓangarorin biyu sun yarda da shi. Salon LDAC na kamfanin Sony yana kaiwa 990 kbps, amma iPhone ba ta san shi ba, salon AAC da SBC kawai take ji. Mai iPhone da ya biya ƙarin kuɗi saboda an ce masa na'ura tana da LDAC ya sayi abin da ba zai mora ba. Idan kana son cikakken sauti, kebul ko na'urar da ke jawo waƙa ta Wi-Fi sun fi.

Mai jona talabijin da DAC ta kebul ɗin haske, wato oftikal, yakan ji shiru ko wata irin ƙara mai huda kunne, ya ce an sayar masa da jabu. Shiga saitin sauti na talabijin ka sauya daga Dolby Digital ko Auto zuwa PCM, wato sautin dijital da ba a matse ba, domin yawancin DAC masu fitar da sauti hagu da dama PCM kaɗai suke karantawa. Kada kuma a yaudare ka da kebul mai bakin zinare. A ɗan tazarar da ke tsakanin talabijin da amfilifaya, lafiyayyen kebul na talaka yana isar da lambobi daidai da na mai kuɗi.

Akwai kuma gurnanin nan da ke tashi da zarar an sa laftof a caji. Cire cajar ka saurara. Idan ya ɗauke, ta layin wuta yake biyowa. Oftikal yana maganinsa tunda haske yake ɗauka, babu ƙarfen da ya haɗa na'urorin biyu. In da hali a jona duka kayan a soket guda.

Wutar tamu kuwa ba sai an faɗa ba. Ta yi ƙasa da rana, a ɗauke, a dawo da ita da ƙarfi, janareto ma ya yi nasa. Sitabilaiza da abin kariya daga tsallen wuta su shiga lissafin kuɗi tun farko. Wajen kunnawa a fara da DAC, amfilifaya ta zo ƙarshe. Wajen kashewa ita ce ta farko, don kada wannan "ɗum" ɗin ya faɗa wa lasifika. Da an ɗauke wuta a zare filogi, kada a bari sai ta dawo.