Yadda Ake Mayar da Tsohon Injin Burodi Ya Koma na Suyar Gahawa

Duk wanda ya taɓa soya ɗanyar gahawa a kasko ya san inda gizo ke saƙar: hannu ya gaji da juyi, wani gefe ya ƙone, wani bai ji wuta ba. Na daɗe ina fama da haka a gidanmu a Garwa, sai da na ci karo da tsohon injin burodi a wurin masu kayan gwanjo. Abin da ake buƙata a jikinsa bai wuce biyu ba: tukunyar ƙarfen, da 'yar muciyar da ke juyawa a gindinta. Ita ce za ta karɓe ka daga aikin juyi. Wuta kuwa daga sama za ta zo, daga bindigar iska mai zafi, irin wadda masu fenti ke kankare tsohon fenti da ita, mai ƙarfin wat 1,500 zuwa 2,000.

Kafin ka biya kuɗi, ka sa a jona injin ka ga muciyar tana juyi. Ko da sashen gashinsa ya mutu babu komai, dama cire shi za a yi.

Da ka kai shi gida, ka cire murfin gaba ɗaya, domin robarsa narkewa take yi. Sai ka kai wa mai gyaran lantarki, ka ce ya katse wayar ƙarfen gashi, ya tsallake allon sarrafawa, ya haɗa injin juyi kai tsaye da makunni guda. Dalili kuwa, allon nan an tsara shi don kwaɓin fulawa: ya juya, ya huta, kuma da ya ji zafi ya yi yawa sai ya kashe kansa. Gahawa ba ta yafe tsayawar rabin minti. Wutarmu volt 220 ce, don Allah kada ka taɓa wayoyin nan da kanka in ba sana'arka ba ce.

Sai tukunya. Baƙin shafen da ke cikinta, mai hana abinci kamawa, yana fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260 a ma'aunin Celsius, iskar bindiga kuwa tana wuce 500. Ka samu samfefa ka goge shi tas, har da jikin muciyar, sai farin ƙarfe ya fito. Aiki ne mai cin rai, ni sai da na kwashe yamma guda a kansa, amma ba a tsallake shi. Ka wanke, ka shanya.

Bindigar kuma ka ɗaure ta a jikin sandar ƙarfe, bakinta na kallon ƙasa cikin tukunya, ta yadda za ka iya ɗaga ta ko sauke ta. Da wannan ɗagawa da saukewar ake sarrafa wuta.

Yanzu suya. A tsakar gida ake yi, nesa da zana da shanya, saboda hayaƙi da ƙaiƙayin da ke tashi. A watan Maris da Afrilu da sassafe nake yi, kafin rana ta buɗe. Ka auna giram 300 zuwa 400 na ɗanyar gahawa. A cikin ire-iren gahawar Kamaru, Arabika ta wajen Fumban da Bafusam ta fi ƙanshi, robusta ta Nkongsamba ta fi ɗaci da kauri a baki. Ka fara kunna juyi, ka zuba, sannan ka kunna bindiga.

Daga nan ido da hanci da kunne ne ma'auninka. Ƙwayar za ta tashi daga kore ta koma ruwan ɗorawa, tana warin ɗanyar ciyawa, sannan ta yi ja-ja, ƙanshin gasasshen burodi ya cika gida. Wajen minti 8 zuwa 10 za ka ji ƙas, ƙas, kamar guguru na fashewa. Wannan ce fashewar farko, a kusan digiri 200. Ka ɗan ɗaga bindiga a nan, kada ta ruga. Bayan minti biyu zuwa uku ta yi daidai da bakina. Mai son ta baƙa, irin wadda ake dakawa da citta da kanumfari, sai ya jira fashewa ta biyu, mai siririyar ƙara kamar gishiri a garwashi, a wajen digiri 225. Da ya ji ta, ya kashe bindiga ya sauke gahawar, domin abin da ke gaba gawayi ne.

Ka sa tsumma mai kauri ka ɗauke tukunyar, ka juye a rariyar ƙarfe gaban fanka, kana motsawa har ta huce cikin minti huɗu ko biyar, sai ka sheƙe sauran ƙaiƙayin da faifai. Nauyinta zai ragu da kusan kashi 15 cikin 100, yawanci ruwan jikinta ne ya fita. Ka bar ta kwana ɗaya ko biyu a kwalba, murfi a sassauce, kafin ka kai ta turmi.

Kullum ka ajiye kasko da garwashi a gefe. An taɓa ɗauke mini wuta a minti na bakwai, da kaskon na ƙarasa suyar.