Yadda za ka gane nauyin malami a binciken guba da illar magani

Ƙanwata ce ta samu gurbin mastas a ɓangaren magunguna, tana son aikinta ya zama kan guba, sai ta zo min da sunayen malamai uku ta ce Yaya wanne zan bi? Muka zauna a tsakar gida nan Unguwar Rimi da waya ɗaya muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga yadda muka yi, ko zai amfani wani ɗalibi a KASU ko ABU Zariya.

Fara da Google Scholar, shafin neman takardun bincike, tunda kyauta ne. Rubuta sunan malamin, amma ka tabbatar shi ɗin ne, don sunayenmu suna yawan kama da juna, sai ka ga an haɗa wa mutum aikin wani. In yana da lambar ORCID, wato lambar shaida ta mai bincike da ba ya tarayya da kowa a kanta, ita ce ke raba gardama. A gefe za ka ga ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005. In an ce h ɗinsa 20 ne, yana da takardu 20 da kowacce aka kafa hujja da ita aƙalla sau 20. Duba layin shekaru biyar na baya-bayan nan ma, shi zai nuna maka ko har yanzu ana kafa hujja da aikinsa.

To amma kar lamba ta ruɗe ka. Danna ka ga su wa ke ambatonsa, in duk shi ne da yaransa ke ta ambaton juna to da sauran magana. Sai ka kwafi sunan takardarsa ka sa a PubMed ko Scopus, rumbunan da ke tantance mujallu kafin su sa su, ka ga ko tana ciki, domin akwai mujallun da kuɗi kawai suke karɓa su buga maka cikin sati guda ba wanda ya karanta, kuma a harkar guba wannan abu ne mai ban tsoro wallahi, don wani zai iya dogara da takardar ya ce saiwar nan ba ta da illa.

Daga nan buɗe takarda biyu ka karanta da kanka, nan ne muka fi daɗewa. Da yawa za ka ga an jiƙa ganye an ba ɓera, an lissafa adadin da ke kisa ta hanyar Lorke ta 1983, an tsaya nan. Wannan somin taɓi ne. Mai aiki da gaske zai ci gaba da ba dabbobin na kwana 28 ko 90, ya auna jini, ya yanka hanta da ƙoda ya duba a madubin likita, ya faɗi ɓera nawa ya yi amfani da su da kuma izinin kwamitin ɗa'a. Ɗaya cikin malaman ukun takardunsa ba su da yawa, amma hoton hantar ɓera da ya sa har ni da ba fannina ba na ga bambancin mai lafiya da wadda ta lalace.

Abin da ya fi damuna shi ne ko aikin ya fita daga jami'a ya isa ga mara lafiya. A 1961 likita William McBride gajeriyar wasiƙa ya aika wa mujallar likitoci ta Lancet kan thalidomide, maganin da ya sa aka haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa. Mu ma mun gani, maganin haƙori na My Pikin daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 ya kashe yara 84 saboda sinadari mai guba na diethylene glycol da ke cikinsa, ga gubar dalma a Zamfara a 2010 da ta ci yara sama da 400. Saboda haka ka bincika ko malamin yana aiki da asibiti, ko yana tura rahoton illar magani ga NAFDAC, waɗanda su kuma ke miƙawa cibiyar Uppsala ta ƙasar Suwidin mai tattara irin waɗannan rahotanni daga ƙasashen duniya, ko an taɓa sa bincikensa cikin wata ƙa'idar ba da magani.

Wannan ba lallai ka same shi a intanet ba. Ƙanwata sashen ta je da kanta, ta samu tsofaffin ɗalibai biyu na ɗaya daga cikin malaman ta tambaye su ko yana shiga ɗakin gwajin tare da su, da kuma wata nawa babi ke yi a teburinsa kafin ya dawo da shi.