Yadda na gyara ƙotar bindigar iska ta gasar harbi

Tun shigowar hunturu na lura cewa harsasaina sun daina taruwa wuri guda a kan allon da ake harba daga nisan mita 10, suna sauka ƙasa ta hannun hagu, alhali ban taɓa saitin ba tun damina. A wannan gasa ɗigon maki goma faɗinsa rabin milimita ne kacal, harsashin kuwa milimita 4.5, saboda haka ƙaramin motsi ma asara ne.

Na fara zargin harsashin darmar, na sauya gwangwani, amma babu abin da ya canza. Sai da na kwance bindigar na ga asalin matsalar: ƙotar ta katako ce, ta sha danshin damina ta kumbura, busasshiyar iskar Kano kuma ta tsotse ta har notunan da ke riƙe ƙarfen bindigar a jikin ƙotar suka saki, ƙarfen yana ɗan girgiza a cikin mazauninsa.

Na kai awo wurin wani mai sassaƙa ƙarfe da inji a Ƙofar Ruwa, ya fitar mini da gado na alminiyom, wato mazaunin da ƙarfen bindigar zai kwanta a kai, domin shi danshi ba ya sa shi kumbura. Na zaunar da gadon cikin ƙotar da gam mai ƙarfi, na bar shi ya kwana, sannan na ɗaure notunan da ƙarfi iri ɗaya, na yi musu alama da fenti. Na kuma auna nauyin, domin dokar gasar ba ta yarda ya wuce kilo 5.5 ba. Saitin ya ɗauke ni yini guda, kuma har yau bai gusa ba.