Jan abin shan da za ka gani a teburin Kanada da Amurka

Ba za ka daɗe da sauka ba abokan aiki za su ja ka cin abincin hantsi ranar Lahadi. Za ka ga dogayen kofuna cike da jan ruwa, an tsoma sandar wani kayan lambu da ake kira seleri, ga yankan lemun tsami a baki. A ido ruwan tumatir ne zalla, amma akwai barasar vodka a ciki, kuma yaji da gishiri sukan danne warinta.

A Amurka Bloody Mary ake kiransa. Ruwan tumatir ne mai kauri da vodka da yaji da ɗigon wani ruwan ɗanɗano mai suna Worcestershire. Mutanen Kanada kuwa nasu Caesar ne, kuma suna ji da shi ƙwarai, har rana suka ware masa a watan Mayu. Walter Chell ne ya haɗa shi a 1969 a otal ɗin Calgary Inn da ke lardin Alberta na Kanada. Abin da ya raba shi da na Amurka shi ne Clamato, wato ruwan tumatir da aka gauraya da romon wata halittar teku mai ɓawo. Shi ya sa ya fi tsinkewa, ya fi gishiri, a bakin kofin ma gishirin seleri ake shafawa. In ka nemi Caesar a yawancin garuruwan Amurka, kada ka yi mamaki in aka kawo maka salak, domin akwai salak mai wannan sunan.

Ba sai ka takura kanka ba. Ka ce wa mai kawo abinci "virgin" kake so, zai haɗo maka ba barasa, ba kuma wanda zai ɗaga ido ya dube ka. Sai dai ka duba abin da aka soka a saman kofin, domin wasu wuraren har soyayyen naman alade suke ɗorawa. Romon teku dai a mazhabar Malikiyya ba matsala, amma wanda jikinsa ba ya karɓar irin waɗannan halittun ya nisanci Clamato gaba ɗaya.

Inda aka fi rikicewa shi ne kanti. Gorar Clamato da ke layin lemo ba barasa a cikinta. Gwangwanin da aka rubuta Caesar kuwa galibi an riga an zuba vodka, kuma tun 2024 ƙananan shagunan unguwa a lardin Ontario na Kanada ma suna sayar da irinsa. Kafin ka jefa a kwando, musamman in yara ne za su buɗe firij, ka juya gwangwanin ka nemi inda aka rubuta kason barasa da alamar %.